Gari a Kano, Gari a Mombasa, Gari a Tokyo

An rubuto wannan lacca daga faifan murya. An rage maimaici a wasu wurare, amma an bar maganar kamar yadda ta fito daga bakin mai ita.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Shugaban wannan zama, iyayena malamai da ke zaune a gaba, 'yan'uwa ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma.

Kafin ku shigo na rubuta kalma ɗaya a allo, ga ta nan: g, a, r, i. Wani ya karanta mana. To, madalla. Ɗan'uwa ya ce gari, inda mutane ke zaune. Malama daga baya ta ce a'a, gari ne na tuwo. Dukanku kun yi daidai, kuma daga nan zancenmu na yau ya soma. Haruffa huɗu, Hausawa biyu, karatu biyu, alhali ko ƙofar ɗakin nan ba mu fita ba.

Yanzu a ce mun sungumi allon nan mun kai shi Mombasa ko Darussalam. Duk yaron da ya iya karatu zai ce muku mota ce. Mu wuce da shi Tokyo, mu shiga shagon masu sayar da sushi, za a miƙo mana 'yar citta da aka jiƙa a ruwan tsami. A Delhi abin hawa ne. A Alƙahira, inda suke furta jim kamar g, in mutum ya ce gari yana nufin maƙwabcina. A Legas da Akra kuwa garin kwaki za a auno muku.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne, kwanakin baya wani ɗalibina ya same ni da takarda, fuskarsa cike da murna. Ya kwafo jerin kalmomi daga Facebook: Kano gari ne a nan, Kano sunan mutum ne a Japan, Edo jiha ce a Nijeriya, Edo tsohon sunan Tokyo ne, hana, kasa, mata, sama, duk akwai su a Japananci. Ya ce, "Malam, ashe mu da Japanawa 'yan'uwa ne?" Ban ga laifinsa ba. Son harshensa ne ya kawo shi, kuma duk wanda ya fara lura da kalmomi har suka hana shi barci, ya kama hanyar zama masani. Sai dai na ga ya kamata mu zauna mu duka mu yi wa abin kallon tsanaki, domin Bahaushe tun tuni ya ce kama da wane ba wane ba ne. A fagen asalin kalmomi, babu karin maganar da ta fi wannan amfani.

Mu fara da na gida.

Gari na zama, wasalinsa na farko gajere ne, jam'insa garuruwa. Gari na tuwo, sai ka ja wasalin: gaari. Karin sautinsu iri ɗaya ne, murya ta sauka a gaɓar farko ta hau a ta biyu. Tsawon wasali kaɗai ya raba su, kuma kunnen Bahaushe ba ya taɓa ruɗa su. Ba a taɓa aiken yaro ya sayo gari ya tsaya yana tambayar wanne ba. Ruɗanin a takarda yake, a takardar ma ta boko. Wanda ya yi makarantar allo ya san cewa a ajami ana sa alif bayan harafin farko in garin tuwo ake nufi, a bar shi in garin zama ne. Ajami yana nuna tsawon wasali. Boko kuwa, tun ƙa'idojin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, har zuwa gyaran da ya kawo mana ɓ da ɗ da ƙ a shekarun 1930, bai ɗauki tsawon wasali ko karin sauti ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun taɓa rubuta dogon wasali da ninki bayan taron Bamako na 1966, daga baya aka daidaita rubutun ƙasashen biyu. Ku riƙe wannan, domin zai dawo: sau da yawa in aka ce kalma ɗaya ce a harsuna biyu, abin da ake nufi shi ne haruffan Rumawa ne suka ɗinka wa kalmomi biyu riga iri ɗaya.

Akwai kuma wani abu da nake so mu bambance. In muka ce gari ya waye, gari ya yi sanyi, gari ya lumshe, wannan garin ba baƙuwar kalma ba ce. Furucinsa ɗaya da garin zama, kuma ana iya ganin yadda ma'anar ta miƙe: daga wurin da kake zaune, zuwa sararin da ya lulluɓe wurin, zuwa halin da ake ciki. Shi ya sa muke tambayar juna, yaya gari? Wannan kalma ɗaya ce da ta yi rassa. Gari da gaari kuwa bishiyoyi biyu ne da inuwarsu ta haɗu. Aikin mai nazarin asalin kalma, kusan dukansa, shi ne ya gane wanne ne reshe, wanne ne bishiyar maƙwabta.

Kuma kalmar tsohuwa ce a bakinmu. Ku tuna labarin Daura: ɗan da Bagwariya ta haifa wa Bayajida aka sa masa Karɓagari, da Daurama ta haifi nata aka sa masa Bawo, wato a maido da garin. Ta shiga karin maganarmu, da ɗan gari akan ci gari. Ta shiga sarauta, mai gari. Ta shiga sunayen unguwanni, duk inda ka je akwai Sabon Gari. Kalmar da ta yi saiwa haka a cikin harshe, ba jiya ta sauka ba.

To mu tafi gabar Afirka ta Gabas. A Suwahili gari mota ce, ko keken shanu, ko duk abin da ke tafiya bisa ƙafafun gare. Jam'insa magari. Jirgin ƙasa kuwa gari la moshi, wato abin hawa mai hayaƙi. In suna nufin garin zama sai su ce mji, in garin tuwo ne su ce unga. Kun ga ke nan babu ko kusurwa ɗaya da ma'anarsu ta taɓa tamu. Daga ina suka samo ta? Daga Indiya. A harshen Hindi da Urdu gaari abin hawa ne: relgaari jirgin ƙasa, bailgaari keken shanu. Masu kallon finafinan Indiya a cikinku, na san kun sha jin ta.

Me ya sa muka yarda da wannan dangantaka, muka ƙi ta ɗalibina? Dalilai uku ne, kuma su nake so ku tafi da su. Na farko, ma'ana ta dace ba tare da an murɗa mata wuya ba: abin hawa a can, abin hawa a nan. Na biyu, akwai hanyar da mutanen suka haɗu. Ƙarnuka da dama jiragen ruwa masu filafilai suna bin iskar damina daga Gujarat zuwa Zanzibar da Mombasa da Lamu, su jira iska ta juya su koma. Sannan da Ingilishi suka fara shimfiɗa layin dogo daga Mombasa a 1896, wanda ya isa Kisumu a bakin Tafkin Biktoriya a 1901, ma'aikata kusan 32,000 suka kwaso daga Indiya. Na uku, kalmar ba ita kaɗai ta zo ba. Kalmomin aro ayari suke yi kamar fatake. Tare da gari, Suwahili ta karɓi chapati, ta karɓi laki, wato 100,000, ta karɓi bima, wato inshora. In ka ga kalma ɗaya tilo wai ta taso daga wata duniya ta faɗo cikin harshe, babu 'yan rakiya, babu sawun matafiya, to ka yi hattara da ita.

Ga wani abin da ke ba ni mamaki har yau. Hausa tana da ra iri biyu, ko da yake harafi ɗaya muke rubutawa. Akwai ra-gare, ta bara da almajiri ke yi, akwai ra-kaɗe, ta bara mai yi wa sarki hidima, wadda ake naɗe harshe a kaɗa shi. Wannan ra-kaɗen ba kowane harshe ke da ita ba, amma Hindi yana da ita, kuma ita ce a cikin gaari. Shi ya sa wani lokaci za ku ga sun rubuta gaadi, don haruffan Rumawa ba su da gurbinta. Wato in Ba'indiye ya ce mota, Bahaushe ya ce garin tuwo, sautin da ke fita daga bakunansu kusan ɗaya ne, dogon wasali da naɗin harshe da komai. Kama ba ta wuce wannan. Amma duk da haka babu abin da ya haɗa su. Hindi ɗan gidan Indo-Turai ne, danginsa su ne Farisanci da Girkanci da Ingilishi. Hausa 'yar gidan Cadi ce. Ita kuma Suwahili, da ta ari kalmar, 'yar Bantu ce.

Na Japan ba zai ɗauke mu lokaci ba. Sushi dunƙulen shinkafa ne da ake ɗora wa yankan kifi. A gefen faranti sukan ajiye ɗanyar citta da aka yanka sirara-sirara aka jiƙa a ruwan khal da sukari, don a wanke baki tsakanin wannan kifi da wancan. Citta a harshensu shoga ce. Gari kalmar masu sana'ar ce, kamar yadda suke kiran shinkafar shari, kuma Japanawa suna danganta ta da gari-gari, ƙarar abu mai ƙarfi a ƙarƙashin haƙori. Mu ma ai muna cewa garas-garas. Wannan wata ƙofa ce ta daban da kama ke shigowa: harsuna biyu suna kwaikwayon ƙara ɗaya, dole su yi kusa. Kuma su ba da g, a, r, i suke rubuta ta ba, da alamomi biyu na rubutunsu suke yi. Tsarin da ya mai da ita haruffa huɗu irin namu sunan wani likita Ba'amurke yake ɗauke da shi, James Hepburn, wanda ya wallafa ƙamus ɗin Japananci a 1867. Da Vischer bai zo Kano ba, Hepburn bai je Japan ba, mu muna ajami su suna nasu rubutun, da ɗalibina bai ga kamar komai ba.

Yanzu bari in gwada ku. A harshen Sanskirit, tsohon harshen malaman Indiya, nagara ko nagari birni ne. Daga nan aka sami Srinagar, aka sami sunan rubutunsu Devanagari, har kalmar ta ƙetare teku ta zama negara, wato ƙasa, a Indonisiya da Malesiya. To ga Hausa da gari, ga kuma nagari. Wa zai ce ba a kama ɓarawo da kaya a hannu ba? Ma'ana ta yi kusa, sauti ya yi kusa. Na ga wasu suna gyaɗa kai.

Amma ku yanka kalmar ku gani. A Hausa na ɗin nan ba jikin kalmar ba ne, ɗan haɗi ne da ke sauyawa da jinsi: mutum nagari, mace tagari. A Sanskirit na ɗin ƙashin kalmar ne, ba ya cirewa, ba ya sauyawa da jinsi. Don ka haɗa su, sai ka gutsure wa kalmar Indiya kai ba da izinin nahawunta ba, sannan ka manta cewa nagari a Hausa mutumin kirki yake nufi, ba birni ba. Duk wanda aka ba wa damar yanke gaɓa inda ya ga dama, ya kuma ja ma'ana inda ya ga dama, zai iya haɗa kowane harshe da kowane. Irin wannan aikin ne ya ba mu cewa wai Hausa daga hau sa take. Labari ne mai daɗin ji, amma daɗin ji ba hujja ba ne.

Wani zai ce, to Malam, in ba dangantaka, me ya sa kamar ta yi yawa haka? Amsar lissafi ce, kuma lissafin ɗan firamare. Ɗauki harshe mai baƙaƙe 20 da wasula 5. Gaɓoɓin baƙi da wasali da zai iya ginawa 100 ne. Kalmomi masu gaɓa biyu, 100 sau 100, wato 10,000. Shi ke nan rumbun. Hausa, da Suwahili, da Japananci, dukansu a rubuce wasula biyar gare su, a, e, i, o, u, kuma dukansu suna son gaɓar da ta ƙare da wasali. Kowannensu yana da dubban kalmomi masu gaɓa biyu, duk daga wannan ƙaramin rumbu ake ɗiba. Yaya za a yi hannuwa ba su haɗu ba? Abin mamaki shi ne a ce ba a sami kama ba. Shi ya sa kaka a wurinmu mahaifin uba ne ko lokacin girbi, a Suwahili yaya ne namiji, a Hindi ƙanen uba, a Suwidin kek ne, a wurin Maori na New Zealand wani irin aku ne. Duka a Suwahili kanti ne. Mata a Indonisiya ido ne. Kano a harshen Holan kwalekwale ne, a Filifin kuwa Ba'amurke ne, an gutsuro shi daga Amerikano. Harsunan duniya sun kai wajen 7,000. Duk kalmar Hausa mai gaɓa biyu da ka ɗauka, tana da takwara a wani wuri.

Wani lokaci ma har ma'anar takan faɗo daidai. Akwai wani masanin harshe, R. M. W. Dixon, da ya je arewacin Queensland a Ostareliya a shekarun 1960 yana neman ragowar masu jin wani harshe da ake kira Mbabaram. Ya sami wani dattijo, Albert Bennett, ya tambaye shi yadda ake cewa kare. Dattijon ya ce dog, daidai da Ingilishi. Kowa zai ce aro ne, tunda ga Turawa sun cika ƙasar. Amma da aka duba harsunan maƙwabta sai aka ga gudaga a wani, guda a wani, aka kuma ga cewa Mbabaram ya saba zubar da gaɓar farko da wasalin ƙarshe a kalmomi da yawa, ba a wannan kaɗai ba. Gudaga ce ta sauya ta zama dog, a gida, ba da hannun Bature ba. Sauti ɗaya, ma'ana ɗaya, asali biyu.

To yanzu mu juya tabarmar, domin a nan ne abin ya fi daɗi a wurina. Kalmomin da suke 'yan'uwa na gaskiya, sau da yawa ba su kama da juna.

Ɗauki littafi. Ɗauki kitabu na Suwahili. Harafi nawa suka haɗa? Amma uwarsu ɗaya, kitab na Larabci. Mu mun karɓe ta da al ɗinta, alkitab, a farkon ya faɗi, k ta narke cikin t, b ta zama f, muka ƙara wasali a ƙarshe don Hausa ba ta son kalma ta ƙare da baƙi. Su kuma Suwahilawa da suka ji ki a farko sai suka ɗauka ɗafin da suke sa wa sunayen kayayyaki ne, suka yi mata jam'i irin nasu, vitabu. Ko ɗauki kasuwa. Wa zai kalle ta ya ga suƙ na Larabci? Amma ita ce. Ta biyo ta Borno, Barebari suka ɗafa mata ka a goshi ta zama kasugu, mu muka karɓa daga hannunsu. Joseph Greenberg ya yi rubutu a 1960 kan irin waɗannan kalmomi da suka shigo mana ta Kanuri, har da karatu da rubutu. Kuma tunda zancen gari muke, kalmar Larabci ta ƙauye, ƙarya, tana nan a bakinmu da rigarta ta aro: alƙarya, a layi ɗaya da alƙali da alƙalami da albasa da aljihu. Ba ta da haɗi da ƙaryar da maƙaryaci ke yi.

Wannan aro ke nan. Akwai kuma gado, wanda ya fi aro zurfi. Hausa tana cikin harsunan Cadi, su fiye da 100, irin su Bolanci da Ngizim da Bade da Angas da Tangale da Margi. Su kuma harsunan Cadi reshe ne na babban gidan da Greenberg ya kira Afro-Asiya, tare da Larabci da Ibrananci da Amharik da harshen Buzaye da Somali da harshen Misirawan dauri. Da me aka gane? Ba da jerin kalmomi masu kama kaɗai ba. An gane ne da abubuwan da harshe ba ya arowa cikin sauƙi. Muna cewa gidanka, gidanki. Balarabe yana cewa baituka, baituki. Muna cewa ya tafi, ta tafi. Yana cewa yaktubu, taktubu, y ga namiji, t ga mace. Muna gina mabuɗi daga buɗe, makaranta daga karanta. Yana gina miftah da maktab da wannan m ɗin. Muna cewa mutu, yana cewa maut, kuma wannan saiwar tana nan a harsunan Cadi na cikin duwatsu da Larabci bai taɓa isa ba. Wannan tsari ne, ƙashin bayan harshe. Shi ake nema.

Sauyin sauti ma doka yake bi, ba son rai ba. Ba sai mun je nesa ba. Basakkwace ya ce zamna, Bakano ya ce zauna. Can a ce sabka, nan a ce sauka. Abduga, auduga. Amre, aure. A irin waɗannan kalmomi, inda baƙin leɓe ya rufe gaɓa, Kananci ya mai da shi u. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana wannan a shekarun 1920, har yau da sunansa ake kiran dokar. In mutum ya ce maka kalma kaza ta fito daga kalma kaza, tambaye shi: wace doka ta sauya sautin, kuma ina sauran kalmomin da suka bi ta?

Kada wani ya ce wannan wasan malamai ne da ba ya cutar da kowa. Garin neman gira akan rasa ido. Ku dubi kalmar boko. Shekaru da yawa ana rubutawa, har a littattafan manyan masana, cewa daga kalmar Ingilishi ta littafi take, wadda ake furtawa buk. Da rikicin arewa maso gabas ya kai sunan bakin duniya, jaridun ƙasashen waje suka yi ta maimaita haka. A 2013 Paul Newman, wanda ya rubuta babban nahawun Hausa, ya fitar da maƙala ya nuna kuskure ne, ya kuma ambata cewa Malam Liman Muhammad ya riga ya faɗi haka tun 1968 ba a saurare shi ba. Hujjar sauti: Ingilishi yana da kalmar mai dafa abinci da ake furtawa kuk, wasalinsu ɗaya da buk, kuma da ta shigo Hausa kuku ta zama. To me zai sa buk ta zama boko ba buku ba? Hujjar ma'ana: ku buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934, za ku ga boko da ma'anar algus da yaudara da abin da ba na gaskiya ba. Iyayenmu mata sun san amaryar boko, wadda ake fitarwa a madadin amaryar gaske. Wato kakanninmu ba aron kalmar Bature suka yi ba. Kalmarsu suka ɗauko suka yi wa karatun da ya zo da shi hukunci da ita. Kun ga abin da kuskuren ya ɓoye? Ya ɓoye ra'ayin al'umma guda game da abin da aka kawo mata. Wannan tarihi ne, kuma kama ta haruffa ta kusa binne shi. Af, kuku ɗin nan ma, a Suwahili kaza ce.

Shugaba yana nuna mini agogo. Zan karɓi tambaya ɗaya ko biyu.

Tambaya: Malam, to sunan Kano fa na Japan?

Mutumin da aka fi sani da sunan shi ne Kano Jigoro, wanda ya ƙirƙiro wasan judo ya buɗe makarantarsa a Tokyo a 1882. Sunan iyali ne, wasalinsa na ƙarshe dogo ne, kuma da alamomin rubutun Sin ake rubuta shi, kowace alama da ma'anarta a harshensu. Edo kuma ma'anarsa bakin kogi inda ya shiga teku, don a nan garin yake, sai a 1868 aka sauya masa suna zuwa Tokyo. Kowane sunan yana da bayaninsa a gidansu, ba ya bukatar namu.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ba ka ce komai kan garin kwaki ba. Shi ma haɗuwar sa'a ce?

Yauwa, Hajiya, na gode da kika tuna mini. Shi wannan daban yake, kuma ki gwada shi da ma'aunan nan uku. Rogo ba ɗan Afirka ba ne, Turawan Fotugal suka kawo shi daga Birazil a ƙarni na 16. Dabarar gurza shi a matse a soya ta bazu sosai a gabar teku a ƙarni na 19, lokacin da bayin da suka sami 'yanci suka dawo daga Birazil suka zauna a Legas da Wida da Porto-Novo. Sabon abinci ne ke nan da ke neman suna. Ma'ana ta dace: mu duk abin da aka niƙa ko aka daka ya yi laushi gari ne, garin dawa, garin masara, garin rogo. Hanya tana nan: fataken Hausa sun daɗe suna bin hanyar Gwanja neman goro, zangonsu ya kai Salaga da Kumasi da Akra da Legas. 'Yan rakiya ma suna nan: waakye da mutanen Gana ke ci da safe wakenmu ne, suya ta zagaye Nijeriya da sunanta, tuo zaafi na arewacin Gana tuwon zafi ne. Saboda haka ni a nawa ganin, garin da ake aunawa a kasuwannin Legas da Akra da Kwatano garinmu ne na tuwo, mai dogon wasali, ya tafi fatauci kudu ya sami sabon abinci ya zauna a kansa. Shi ya sa da ya dawo gida ba mu iya ce masa gari kawai ba, tunda muna da ire-iren gari da yawa a rumbu, sai da muka ƙara masa kwaki.

An kira salla. Wanda bai samu ya yi tambayarsa ba, ya same ni a bakin ƙofa bayan an idar. Wassalamu alaikum.